Kunyar 'Yar Fari a Ƙarƙashin Bahar Maliya

Baƙin da ke sauka wurinmu bayan umara, abin da suke fara roƙo shi ne a kai su bakin teku. Ni kuwa sai in cika musu kula da shinkafa, in haɗa su da yara, in ce su gaishe mini da ruwan. Tun da aure ya kawo ni Jidda, duniyata ba ta wuce hawa na biyu na wani gini a Madain Fahd ba: kicin, falo, da tagar da ke kallon baƙala, ɗan kantin da muke sayen burodi. Ban taɓa jin na rasa komai ba. Labarin gari da ƙafarsa yake hawowa ya same ni, don ni Allah ya hore mini baki da kunne. Ina hira da mai kawo tukunyar gas, ina hira da matar da ta buga lambata bisa kuskure. Mutum ɗaya ce a gidan nan ba na hira da ita, ita ce wadda na fara haifa.

Mu haka muka tashi muka gani a Yawuri. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zuba masa ido, ba a yabonsa a gaban mutane. Inna ba ta taɓa kiran sunan yayanmu ba har ta koma ga Allah, kuma bai mutu ba, ga shi can da tumbinsa. Sai dai shi yana da kaka, yana da gwaggo, yana da gida cike da masu goya shi su lalata shi. Ni al'adar ta hawo jirgi tare da ni, kakannin ne ba su samu biza ba. Yarinya ta tashi a ɗaki uku, tsakanin 'yan makarantar da uwayensu ke ce musu habibti su sumbace su a bakin mota, ita kuwa tata uwar “ke” take ce mata, in za ta yi zancenta ta ce “yayarsu”. Babansu tuni ya ajiye tasa kunyar a sito wajen aikinsa a unguwar masana'antu, har tafawa suke yi. Ni na riƙe tawa, don wani ya kamata ya riƙe.

Shekarar da yayarsu ta samu aiki a Dammam, can gabashin ƙasar, aka ba ta hutu kafin ta tafi. Na zaci kwanciya za ta yi ta huta kamar mai hankali. Sai ta ce ita nutso za ta koya, irin wanda ake goya tukunyar iska a shiga ƙarƙashin teku, har a ba mutum katin shaida. Babansu ya ce ya yarda, da sharaɗin ba za ta hau jirgin ruwa ita kaɗai cikin baƙin mutane ba, sai da ƙanwarta. Ni ba hurumina ba ne in nuna damuwa. Na dai ƙona miya ranar.

Washegari ina yanka albasa na jiyo su a ɗaki, ita da auta. Da Larabci suke yi, don suna ganin in suka yi sauri ba na kamawa. Auta ta ce, Umma za ta yi kewarki. Sai yayarsu ta yi wata 'yar dariya ta ce, “Umma? Sai ta yi sati ba ta lura na tafi ba. Kin taɓa ganin ta kalli fuskata?”

Ba da fushi ta faɗa ba, da a ce da fushi ne da sauƙi. Kamar mai faɗin farashin tumatir ta faɗa. Na ci gaba da yankan albasata, na gode wa Allah da ya halicci albasa. Yarinyar nan da wannan zance a ranta za ta tafi Dammam ke nan, ni kuwa ba ni da ƙofar da zan bi in gyara, don duk ƙofofin ni na kulle su da hannuna, kuma bisa ƙa'ida.

Da za su je zaɓen wurin koyo na ce zan raka su. Duk gidan aka juyo ana kallona. Babansu ya ce, “Ke? Har Abhur, can bakin teku? Ko dai a kira motar asibiti ta bi ku a baya?” Na ce masa auta zan raka. Gaskiyar magana niyyata daban. Na ce a raina zan zaɓo musu wanda ya fi kowa tsanani, ya kore su tun daga bakin ƙofa, magana ta mutu ba da hannuna ba, yarinya ta zauna a falo in ƙare jin motsinta kafin ta tafi.

Shagon farko na wani mai fararen haƙora ne. Kafin mu zauna an kawo gahawa da dabino. Komai aka tambaye shi sai ya ce mafi mushkila, wato babu matsala. Kwana nawa? Biyu, halas, an gama. In mutum bai iya iyo sosai ba fa? Mafi mushkila. Na ce, in mutum na da hawan jini fa? Mafi mushkila, ya khala, wato gwaggo. Na san muryar nan. Ita ce muryar masu tsayawa a bakin ofisoshin Bagdadiyya suna cewa kawo iƙamarka, katin zama a ƙasar, gobe ka zo ka karɓa. Na shanye gahawarsa, don ba ta yi mini laifi ba, na ce mu tafi.

Na biyu samari ne, bango duk hotuna. Sun yi ta bayanin irin hoton da za su ɗauki yaran da shi, daga sama, daga ƙasa, da kifi a gefe. Har muka fito ban ji wanda ya ambaci numfashi ba.

Na uku wani ɗan ɗaki ne a bayan wurin gyaran jiragen ruwa, yana warin roba da gishiri. Mace ce a ciki, ta manyanta, rana ta gasa ta har ta fi ni duhu, kowa Kabtin yake ce mata. Ko ruwa ba ta ba mu ba. Kalmar farko da na ji daga bakinta “a'a” ce, tana faɗa wa wani a waya. Ta biyu ma “a'a”. Raina ya yi fari, na ce yau na zo gida.

Ta zaunar da yaran ta shiga tambaya kamar mai binciken aure. Kunne, hanci, ƙirji, wane magani ake sha. Auta ta ce tana da asma amma ta kwana biyu ba ta tashi ba. Kabtin ta ce yaushe rabonki da abin shaƙa? Auta ta ce watan jiya. Kabtin ta ce, “A'a. Ke ba da ni ba.” Na ji daɗi har cikin ƙashina. Dabara ta ci.

Sai na saci kallon yayarsu ta gefen ido, irin kallon da na ƙware a kai. Ba ta yi gardama ba, ba ta roƙi kowa ba. Jakarta ta ɗauka ta ce, “Halas, yalla mu tafi.” Ko inda nake ba ta duba ba. Wanda bai saba samu a wuri ba, ba ya miƙa hannu can.

Kabtin ta ce a wurinta bibbiyu ake koyo, kowa da abokin nutsonsa, in akwai wata a kawo. Sannan ta juyo kaina, ina jin don ta cika ladabi ne kawai, ta ce, “Ke fa, ya khala, kin taɓa shiga ruwa?”

Da na yi shiru da yanzu ba wannan labarin nake ba. To amma a tambayi 'yar Yawuri ko ta taɓa shiga ruwa? Na gyara zama. Na ce mata kafin in iya ɗaura zane na iya haye reshen kogi da kwanon wanki a ka. Na ba ta labarin yadda muke nutso mu ɗauko cokalin da ya faɗi, da yadda na taɓa fito da akuyar maƙwabta. Ina cikin bayanin akuyar na lura yaran sun saki baki, Kabtin kuma ta miƙo mini takardar da zan kai wa likita. Baki shi ke yanka wuya. Likitan ma da na sa rai zai cece ni, ya gwada ni sama da ƙasa ya ce ƙalau nake, in dai rage gishiri. Na ce masa ai teku za a jefa ni.

A wani kududdufin wanka na mata aka fara. Aka ba ni rigar roba wadda sai da mutum biyu suka taya ni shiga, da hular da ta fi kowane hijabi rufe kai, da takalma irin ƙafar agwagwa, da ɗamarar dalma don in nutse. Ni da na yi shekaru ina neman abin da zai rage mini nauyi, ga wata ta ce bai isa ba. Iyo kam jiki bai manta ba, ko da yake Kabtin ta ce ba ta taɓa ganin irin salon ba, ta tambaya ko akuyar ce ta koya mini. Karatun littafin kuwa yayarsu ke karantawa da ƙarfi a falo, wai tana bita, ni kuma ina tsintar shinkafa a kusa, wai ban ji ba. Da kunne na haddace shi tas. Kada ka riƙe numfashi. Ka toshe hanci ka hura kunne tun bai yi zafi ba. Kada ka yi gaggawar tasowa.

Duk wannan mai sauƙi ne. Inda gizo ke saƙar shi ne abokin nutso. Kafin a shiga ruwa sai ka laluba abokinka, ka ja ɗamararsa, ka buɗe masa iska, ka shaƙi abin bakinsa ka ji yana aiki. Hannuna bai taɓa jikin yarinyar nan haka ba tun tana zanen goyo. Na yi shi da sauri kamar mai taɓa tukunya a wuta. Sannan aka zo darasin ƙarewar iska: ɗaya zai nuna alamar iskarsa ta ƙare, ɗayan ya miƙa masa tiyonsa na biyu, ku riƙe damtsen juna, ku kalli juna ido cikin ido, ku taso a hankali.

Muka yi, muka taso. Kabtin ta ce a sake. Muka sake. Ta cire abin bakinta ta ce, “Ya khala, kalle ta.”

Na ce, “Ina kallonta.”

“Kafaɗarta kike kallo. Ɗazu kuma tayil.”

Na matsa kusa na rage murya, na yi mata bayani da Larabcina na kasuwa, cewa a wurinmu uwa ba ta zuba wa ɗan fari ido. Ta ce addini ne? Na ce a'a, kunya ce. Ta ce kunyar wa, ba ke kika haife ta ba? Na ce ai shi ya sa. Ta daɗe tana dubana kamar na ce mata kifi na tari.

Yayarsu ta ce, “Bar ta, Kabtin. Min zaman haka take.” Wato tun da can.

Kabtin ta ce, “Ku ji nan. Mutumin da iskarsa ta ƙare ba ya magana. Wanda tsoro ya kama ma ba ya magana, hannunsa na iya ce miki lafiya, idonsa ne ba ya ƙarya. In ba za ki kalle ta ba, ba ke ce abokiyarta ba, kuma ba na kai ku teku. Ku duka biyu.”

Muka koma gida. Da la'asar na sami babansu na ce ina da tambaya ta ilimi. In likita ya kalli abin da bai kamata a kalla ba, don magani, da laifi? Ya ce lalura ce. Na ce in malama ta kafa doka, ta ce in ba a bi ba rai na iya salwanta? Ya ce ita ma lalura ce. Sannan ya leƙo ta saman tabaransa ya ce, “Fatawar kallon 'yarki kike nema?” Na ce masa shayinsa na hucewa.

Amma na samu abin da nake so. Ba ni na ga dama ba, doka ce. Kuma duk iya tunanina ban tuna Inna ta taɓa cewa kunya na aiki a ƙarƙashin ruwa ba. Washegari a kududdufi na ɗaga ido na daƙiƙa kaɗan, daidai abin da zai ishi Kabtin, ta ce tamam, wato ya yi.

Ranar teku na tashi da asuba na yi dambu, don ban yarda a kai ni tsakiyar ruwa da biskit ba. Jirgin ya fita daga Abhur da mu da wasu mutum kaɗan. Garin ya yi ta ƙanƙancewa a baya har ya koma kamar an zana shi da alli. Na karanta duk abin da na sani, har da addu'ar shiga kasuwa. Muka duba kayan juna, muka faɗa, muka kama igiya muna sauka kaɗan-kaɗan, fuska da fuska, Kabtin a gefe.

Ruwan kududdufi da na teku ba ɗaya ba ne. Nan ba tayil ɗin da zan kalla. Sama haske, ƙasa shuɗi, ba maƙwabciya, ba suruka, ba wanda zai je gida ya ce wance ba ta da kunya. Shiru kuma irin wanda ban taɓa ji ba, sai gurgurar numfashina. Sai na kalle ta.

Gilashin nan yana ƙara wa abu girma. Idanu biyu ne suka cika shi, kuma na san su. Na Inna ne, har da yadda na hagu ke ɗan lumshewa in tana mai da hankali. Shekara da shekaru ina kewar idanun nan, ina cewa ƙasa ta rufe su a Yawuri ban samu zuwa ba, ashe suna ɗakin da ke kusa da kicin ɗina suna cin tuwona.

A ƙarƙashin ruwa tambaya ɗaya ce ake da ita. Ka haɗa babban yatsa da manuni, wato lafiya? Abokinka ya mayar maka, lafiya. Na yi mata, ta mayar. To ni Bahaushiya ce, ban san gaisuwa ɗaya tilo ba. In ka ce ina kwana ai da sauran ina gajiya, da ya gida, da ya ƙarfin jiki, da ya muka ji da zafi. Duk ina da su a ciki, na shekaru, alama kuwa ɗaya ce. Sai na sake yi. Ta mayar. Muka saki igiya muka bi Kabtin, na sha gabanta na sake yi. Ta juya tana kallon wani abu, na zagayo ta ɗaya gefen. Na duba agogon iskarta. Na gyara mata igiyar da ba ta kwance ba. Ta nuna mini wani abu a bayana da hannu biyu, da ƙarfi, na ce a raina ko me ne ne ya jira, na tambaye ta lafiya.

Mai yawan kai da kawo iskarsa ba ta daɗewa. Kabtin ta duba agogona, ta dube ni, ta nuna sama. Mu muka fara fitowa, da sauran lokaci mai yawa.

Ko gama cire kaya ba mu yi ba yayarsu ta fara, rabi Hausa rabi Larabci, yadda take yi in ranta ya ɓaci. “Umma! Haram alaiki! Kunkuru ya wuce ta bayan kanki, kabir, kamar faranti, ina nuna miki, ke kuma lafiya, lafiya, lafiya! Hannuna ya gaji! Ina zan je? Ruwa ne ko'ina!”

Na ce, “Doka ce. Tambayi Kabtin.”

Kabtin na matse gashinta ta ce, “Na ce ki riƙa dubawa. Ban ce ki yi gadi ba.”

Sauran suka fito ɗaya bayan ɗaya, kowa na ba da labari, wannan ya ga kifi mai launin aku, wancan ya ga murjani kamar kabeji. Al'adar Kabtin ce ta bi kowa ta tambaye shi abin da ya gani. Da ta zo kaina, ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba, na lalubi bakina na ji wayam. Na ce, “Ruwa.”

Aka yi dariya. Yayarsu ta ce, “Bas? Ko kifi ɗaya?”

Kabtin ta ce, “Abu ɗaya ta gani tun daga igiya har igiya. Na kai mutane da yawa ƙasan nan, ban taɓa ganin wanda ya biya kuɗin teku don ya kalli abin da yake da shi a gida ba.” Ta wuce wurin na gaba.

Na mai da fuskata ga ruwa, tunda yanzu a sama muke, kuma da mutane. Ina jin idon yarinyar a gefen fuskata, ya daɗe. Sannan na ji ta jawo kular dambu ta buɗe, ta zauna a jikina, ba kusa da ni ba, a jikina, da jiƙaƙƙen kanta a kafaɗata, a gaban Larabawa da kowa. Ta ci loma biyu ta ce da Hausarta mai karkata, “Umma, gishiri ya yi yawa.”

Na ce, “Bakinki ne, ke da kika sha teku.” Na ja tawul na rufa mata kai, don iska.

Sauran nutson da suka rage na ɗan rage gaisuwa, ba don na so ba, don iskata ta kai. Aka ba mu katin, hotona a jiki kamar an tsamo ni daga rijiya. Ranar da muka je karɓa, ana jibi za ta tafi, ina tsaye ina ba mai gyaran jirgi labarin ciwon gwiwata, sai kunnena ya jiyo ta a ciki tana ce wa Kabtin duk ƙarshen wata za ta riƙa zuwa gida, a ajiye mata wuri. Kabtin ta ce na mutum nawa? Ta ce biyu.

Na leƙa na ce ni fa ba a tambaye ni ba, ina da gwiwa, ina da kunne, kuma wa zai yi wa babanku girki?

Ko juyowa ba ta yi ba ta ce, “Rubuta biyu, Kabtin. Umma ba ta iya sati ba ta gan ni ba.”

Na yi mita tun daga Abhur har Madain Fahd, ita ke tuƙi, kuma duk abin da na faɗa sai da ta ba ni amsa.